Maƙerin Bayan Bango

A kan gada, da la'asar sakaliya, ina komawa Harobanda,
wani ɗan kabu-kabu ya goge ni da madubinsa.
Kafin bakina ya ce wayyo, ƙirjina ya riga shi,
kalangu ya tashi a ciki, miyau ya ƙafe,
littafina ya kife a kan kwalta.
Na ɗauka, na karkaɗe. Inda ya buɗe
shi ne shafin da ya gagare ni tun Talata.

Ga abin da yake cewa, in an tuɓe masa Faransanci:
tsoro ɗan aike ne, cikin jini yake tafiya,
amma ba ya kutsawa gidan mutane.
Ƙwayar halitta gidan mutunci ce,
baƙo a zaure yake tsayawa ya yi sallama.
Bayan bango akwai wani a zaune.
Madam Halidu ta rubuta sunansa a allo, siklaz,
ta ce anzim ne.
Ni na ce maƙeri.
Da labarin sallama ya iso masa sai ya jawo miƙaƙƙen abu,
ya datse masa gaɓa biyu daga wutsiya,
ya lanƙwasa saura har baki ya kama baki.
Zobe.
Zoben ne mai shiga tsakar gida.
A hanta ya ce a saki sukari,
a zuciya ya ce a ƙara sauri,
ni kuma ga ni riƙe da ƙarfen gada
ina kallon kwale-kwale, gwiwata na rawa.

Na san wannan aikin.
Babana Arzika, bayan kasuwar Tawa,
shekara talatin da ɗoriya yana murɗa azurfa.
Yakan ce: waya miƙaƙƙiya bebiya ce,
sai ta ciji wutsiyarta take ɗaukar saƙo.
Direbobin Abijan sukan saya su aika gida,
ba wasiƙa, ba komai,
matar ta gani ta gane.

Abin da bai gaya mini ba,
akwai wani mai almakashi da ke bin zoben yana tsinkewa,
don maganar da ba ta ƙarewa ta zama hayaniya.
Shi ya sa kafin in kai ƙarshen gada
kalangun ya lafa.
An ce shayi kan riƙe hannun mai almakashin.
To, ga dalilin idona biyu, ƙarfe ɗaya na dare.

Na juya shafi. Kwalara.
Guba ta danne ɗan saƙon da ke tsakanin zaure da maƙera,
ba kowa a ƙofa, amma guduma ba ta tsaya ba.
Zobe kan zobe kan zobe,
hanji ya buɗe ƙofofi, gishiri ya fita,
ruwa ya bi shi.
Cima na da shekara shida a daminar nan.
Na tuna idonta ya faɗa, fatar yatsunta kamar ta mai wanki.
Inna ta ce ruwan jikinta ne ya ji kira.
Ashe ba ta yi nisa da littafin ba.

Lokotoro ya ce cokali cokali, gishiri da sukari, kar a gaji.
Sai yau na gane:
akwai wata ƙofar baya da ba ta tambayar zobe.
Ta nan Cima ta dawo.
Ɗan maƙwabtanmu, Nomau, bai dawo ba.

Da safe na kira Baba na kwashe masa duka.
Ya yi shiru, ina jin zuga-zugin yaronsa ta waya.
Ya ce: wannan maƙerin naku, girmansa?
Na ce ido ba ya ganinsa.
Ya ce: kuma ba ya hutu?
Na ce yana yi, in an bar shi.
Ya ce to ka gaishe shi,
sai kuɗin wayata suka ƙare.